Kujerar Amintacce: Yadda Ake Sauya Mai Riƙon Amana

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau da tambaya zan fara. Masallacin unguwarku, ko Islamiyyar da yaranku ke zuwa da yamma, ko ƙungiyar ci gaban garinku da kuke zuba wa kuɗi duk wata, sunayen su wa ke jikin takardarta? Liman kun san shi. Shugaban makaranta kun san shi. Ma'aji ma kun san shi, tunda shi ke bin ku da rasit. To amma waɗanda hukuma ta sani, waɗanda aka rubuta a satifiket ɗin rajista a matsayin amintattu, su wane ne? Kuma mutum nawa ne cikinsu ke raye yau?

Mu ɗauki wata makaranta, irin wadda kusan kowace unguwa ke da ita. Shekara 20 da suka wuce, dattawa biyar suka haɗu suka yi mata rajista. Allah ya yi wa biyu rasuwa. Ɗaya ya tare a Makka, sai dai a ji muryarsa a waya idan salla ta zo. Ɗaya tsufa ya cim masa, ko jikokinsa ba ya tantancewa. Saura mutum ɗaya. Makaranta kuwa tana ta bunƙasa, yara sun ƙaru, an ɗora bene, matasa sun karɓi ragama. Wata rana bayan la'asar aka zauna a kan tabarma, aka ce wane da wane su ne sababbin amintattu, aka shafa fatiha aka watse. Babu wanda ya ga aibu a ciki, sai ranar da maƙwabci ya ja katangarsa ya cinye rabin filin wasan yara. Aka ɗunguma zuwa wurin lauya. Lauya ya ce a kawo satifiket. Ya duba sunaye, ya dubi mutanen da ke zaune a gabansa, ya ce: "Alhaji, ai babu sunan ko ɗayanku a nan." Shi ke nan aiki ya dawo sabo. Maimakon a tunkari mai katanga, sai an fara tabbatar da wanda ke da ikon magana da yawun makarantar.

Wannan shi ne batunmu na yau: yadda ake sauke amintacce a naɗa wani, ta hanyar da za ta tsaya a gaban alƙali.

Amintacce shi ne mutumin da dukiya ke hannunsa, ikon juya ta na wuyansa, amma amfaninta na wasu ne. Bahaushe bai jira Bature ya koya masa wannan ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a da sun saba barin kaya da kuɗi a hannun fatoma, su yi watanni su dawo su tarar da abinsu. Kawu na riƙe gonar marayu har su girma. Abin da zamani ya ƙara shi ne takarda, da rajista, da banki, da kotu. Su kuwa waɗannan ba su san "ai kowa ya sani" ba. Abin da ke rubuce shi suka sani.

Mu fara da ƙungiyoyi, domin nan ne rigima ta fi yawa. A Nijeriya, masallatai da coci-coci da gidauniyoyi da ƙungiyoyin gari suna yin rajista a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni da lauyoyi ke kira CAMA. Sabuwar dokar ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin ta 1990. Da zarar an ba da satifiket, amintattun sun zama jiki guda a idon doka, jikin da ke da sunan kansa, yana iya mallakar fili, yana iya kai ƙara, ana iya kai shi ƙara, kuma ba ya mutuwa don wani daga cikinsu ya mutu. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, zan dawo kanta.

Sashe na 834 na dokar shi ne ya yi maganar sauya amintattu ko ƙara wasu. A taƙaice cewa ya yi, ƙungiya ta yanke shawara a babban taronta, sannan ta nemi amincewar hukuma. Abu biyu ke nan, kuma dole a haɗa su. Sashen da ke biye da shi, na 835, ya rufe ƙofa ruf: duk sauyin da aka yi ba a kan wannan hanya ba, ɓatacce ne, kamar ba a yi ba. Kun ga ke nan mutanen nan namu na kan tabarma, duk da kyakkyawar niyyarsu, rabin aiki suka yi, kuma ko rabin ma sai an duba.

Me ya sa na ce sai an duba? Saboda kafin taro akwai kundin tsarin ƙungiya. Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya ta rubuta a kundinta yadda ake naɗa amintattu, da ikonsu, da tsawon wa'adinsu, da yadda ake sauya su. A nan ne nake da ƙorafi a kanmu. Yawancin kundayen nan kwafo su aka yi daga na wata ƙungiya a shagon buga takardu, aka canza suna kawai, aka sa hannu ba a karanta ba. Sai ranar rigima a buɗe a tarar an rubuta cewa amintacce yana nan har iyakar rayuwarsa, ko kuma ba a cire shi sai da kashi biyu cikin uku na mambobi, alhali ƙungiyar ba ta ma da rajistar mambobi da za a ƙirga. Abin da kuka sa wa hannu shi zai ɗaure ku, ko kun karanta ko ba ku karanta ba. Don haka matakin farko shi ne a ɗauko kundin nan, a karkaɗe ƙura, a sa wanda ya iya Turanci ya karanta wa jama'a shi da Hausa.

Sai taro. Idan kundi ya ce a sanar da mambobi kwana kaza kafin zama, a cika kwanakin nan cif. A faɗa a cikin sanarwar cewa za a tattauna sauya amintattu, kada a kira mutane da sunan maganar gyaran rufi, su zo su tarar ana tsige wani. A tabbatar adadin mutanen da taro ke ƙulluwa da su ya cika. Kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. Sakatare ya rubuta abin da aka yanke da yawan waɗanda suka yarda da waɗanda suka ƙi, shi da shugaba su sa hannu. Idan kuma laifi ake tuhumar mutum da shi, a rubuta masa laifin, a ba shi lokaci, a saurare shi. Ko da kowa ya san ya ci kuɗin, a saurare shi. Kotuna sun sha rushe hukuncin ƙungiyoyi a kan wannan gaɓa kaɗai, mai laifi ya dawo kujerarsa yana murmushi, saboda waɗanda ke da gaskiya sun yi gaggawa.

Daga nan a nufi hukuma. Yanzu ta intanet ake shigar da buƙata. Za a haɗa da takardar abin da taro ya yanke, da bayanan sababbin amintattu da shaidar ko su wane ne, da amincewarsu a rubuce. Wanda ya rasu a kawo shaidar rasuwarsa, wanda ya ajiye da kansa a kawo wasiƙarsa. Hukumar kan duba ko ƙungiya na da bashin rahoton shekara-shekara da ba ta kai ba, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe, don sai a tarar tun ranar da aka karɓo satifiket ba a sake leƙa hukumar ba. Sannan a buga sanarwa a jarida, a kuma liƙa ta a hedikwatar ƙungiya inda mambobi za su gani, a jira kwana 28. Wannan jira ba ɓata lokaci ba ne. Dama ce ga duk mai ƙorafi ya rubuto ya faɗi dalilinsa. Da babu ita, da mutum uku sun iya kulle ɗaki su sauya amintattun masallacin Juma'a, jama'a su wayi gari su ji labari. Idan kwanakin suka cika babu ƙorafi, ko aka duba ƙorafin aka ga ba shi da tushe, sai hukuma ta amince ta fitar da satifiket mai ɗauke da sababbin sunaye. Da amincewar nan ce sauyi ke tabbata, kuma ana lissafa shi tun daga ranar da taro ya yanke shawarar.

Wa ya cancanci hawa kujerar? Sashe na 826 ya hana mutum huɗu: yaron da bai kai shekarun girma ba, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi kuma bai fita daga wannan hali ba, da wanda aka yanke wa hukunci a kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 5 kafin naɗin. Iyakar abin da doka ta hana ke nan, kuma ƙaramin shinge ne, kusan kowa zai tsallake. Sauran tacewar taku ce. Mu kuwa mun saba mu zaɓi mai kuɗi da mai rawani, don sunansu ya ƙawata takarda. Ban ce kada a sa su ba. Amma a cikin amintattu a samu wanda ke zaune a garin, wanda zai iya karanta takardar banki ya gane, da wanda zai iya kallon shugaba ya ce masa a'a. A sa mai ƙuruciya ko da ɗaya ne, don kada a wayi gari duk sa'o'in juna ne sun tsufa tare. Makarantar da rabin ɗalibanta mata ne, ban ga dalilin da zai hana a samu mace a cikin amintattunta ba, kuma nan gaba kaɗan za ku ji cewa ba ni na fara wannan magana ba.

Fitar satifiket bai gama aiki ba. Masu sa hannu a asusun banki daban, amintattu daban, sai an rubuta wa banki an kai sabuwar takarda kafin a cire hannun mamaci ko na wanda aka sauke. A karɓi hatimi, da takardun filaye, da littafin kuɗi, da makullai, a rubuta komai ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu. Sabon amintacce kuma kada kunya ta hana shi bincike. Wanda ya karɓi buhu bai buɗe ba, idan aka zo aka tarar da tsakuwa, da wane baki zai ce ba shi ya zuba ba?

Na ce zan dawo kan maganar jikin da ba ya mutuwa. Idan takardar fili na ɗauke da sunan amintattun ƙungiya masu rajista, to ko duka biyar sun sauya, fili na nan inda yake, ba a taɓa takardarsa. Amma sau nawa muka ga filin masallaci ko na makaranta da sunan bawan Allahn da ya saya ya bayar? Yana raye babu matsala, kowa ya san ya bayar. Ranar da ya rasu, magada suka buɗe akwati suka ga takarda da sunan mahaifinsu, sai fili ya shiga lissafin gado. Wani lokaci ba mugunta ba ce, abin da suka gani a rubuce suka bi. Kuma mayar da sunan ba aikin yini ɗaya ba ne, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce fili mai takardar gwamna ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna. Wanda ya ba da fili don Allah, ya cika ladansa, ya mayar da sunan tun yana da ƙafar zuwa ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan sulhu ya ƙi fa? Rigimar da ta shafi aiki da dokar CAMA Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. Wasunku za su tuna hayaniyar da aka yi a 2020 a kan sashe na 839, wanda ya yi maganar dakatar da amintattu da naɗa shugabannin riƙo idan an ga almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, tana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, tana cewa an ba gwamnati hanyar shiga harkar wuraren ibada. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa sashen ya ci karo da 'yancin addini da na kafa ƙungiya da tsarin mulki ya bayar. Duk wanda rigimarsa ta kai nan, ya zauna da lauya ya ji inda maganar ta kwana kafin ya ɗaga ƙafa. Ni dai shawarata, ƙungiyar da ta bari sai hukuma ko kotu ta zaɓa mata masu riƙo, ta riga ta yi asara ko da ta ci shari'a.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake sauya amintacce. Mun gama da ɓangaren ƙungiyoyi masu rajista. Yanzu bari mu koma gida, mu duba wakafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi.

Asalin babin nan sananne ne. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya samu wata gona a Haibara wadda bai taɓa mallakar abin da ya kai ta daraja ba. Ya nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare asalin gonar ya yi sadaka da amfaninta. Ya yi hakan, da sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, mai kula da ita kuma yana iya ci daidai gwargwado. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. Abin da ya shafi shirinmu shi ne abin da ya biyo baya, wanda Abu Dawuda ya kawo: Umar ya sa an rubuta takarda, ya ambaci wadda za ta kula da wakafin a bayansa, wato 'yarsa Nana Hafsa, Uwar Muminai, sannan bayanta masu hankali da tunani daga cikin dangi. Ku duba da kyau. Yana da 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, wanda kowa ya san matsayinsa a ilimi, amma Hafsa ya ambata. Kuma bai tsaya a kanta ba, ya faɗi yadda za a samu na bayanta. Abin da lauyoyi ke cajin kuɗi su rubuta mana yau, an yi shi tun ƙarni na farko na Hijira.

Mai kula da wakafi shi ake kira naziri. Malaman Malikiyya, a sharhohin Muhtasar na Shaihu Halil, sun warware maganar sauya shi dalla-dalla, kuma tsarin da suka bi mai sauƙin riƙewa ne. Sharaɗin wanda ya yi wakafi shi ne gaba, muddin bai saɓa wa shari'a ba. Idan naziri ya rasu ko ya ajiye, mai wakafi na raye, shi zai naɗa wani. Idan ya rasu, sai wasiyyinsa in ya bar wasiyyi, in babu sai alƙali. Mai wakafi na iya sauke nazirin da ya naɗa ko da bai yi laifi ba. Alƙali kuwa ba ya sauke naziri sai da laifi tabbatacce, kamar ha'inci ko sakacin da ke lalata dukiya. Sannan ga gaɓar da nake so 'yan'uwa su ji da kunnen basira: naziri ba shi da ikon yin wasiyya da kujerarsa ga wani, sai idan mai wakafi ne ya ba shi wannan dama. Wato ɗan naziri ba ya zama naziri don kawai mahaifinsa ya rasu. Rigar mahaifinsa zai gada, da gonarsa ta kansa. Makullin shagunan wakafi kuwa ba ya cikin tarika.

Akwai kuma wani sharaɗi na mazhabarmu da mutane ke tuntuɓe a kai. Hubusi ba ya cika sai ya fita daga hannun mai shi, wani ya karɓa. Idan mutum ya ce gidan nan na bayar hubusi, amma ya ci gaba da riƙe shi yana karɓar haya yana juyawa har ciwon ajali ya kama shi, to hubusin ya warware, gida ya koma gado. Ke nan naɗa naziri da miƙa masa dukiya a gaban shaidu ba ƙawa ba ce, da ita wakafin ke tsayuwa.

Haka wasiyyin da aka bar wa riƙon marayu. Ana son Musulmi baligi mai hankali, mai adalci, mai iya aikin. Idan fasiƙanci ko ha'inci ya bayyana a gare shi daga baya, alƙali ya sauke shi ya naɗa wani. Yana iya janyewa tun mai wasiyya na raye, amma idan ya karɓa har mai wasiyya ya rasu, ba ya wurgar da amanar don ya gaji, sai da uzuri a gaban alƙali. Kuma Alƙur'ani a farkon Suratun Nisa'i ya yi umarni a kafa shaidu ranar miƙa wa marayu dukiyarsu. Wannan kariya ce ga maraya, kariya ce kuma ga kawun da ya riƙe da gaskiya, don kada a wayi gari yaron da ya raina ya tsaya a tsakar gida yana tambayarsa ina shanun babansa.

Ina ake kai irin wannan ƙara? Kotunan shari'ar Musulunci, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci wakafi da kyauta da wasiyya da gado a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kai, idan mai dukiyar Musulmi ne. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi, ana iya neman shawararsu tun kafin abu ya kai ga ƙara.

Akwai nau'i na uku da zan taɓa a gurguje, wato amanar iyali da ake rubutawa a wurin lauya, mutum ya ware gidaje ko hannun jari ya damƙa wa wasu, ko wani kamfanin riƙon amana, don karatun 'ya'yansa. A nan ma takardar amanar ake fara dubawa, wanda ta ba ikon naɗi shi ke naɗawa. Idan ta yi shiru, a jihohin da ba su yi tasu dokar ba, har yau tsohuwar dokar amintattu ta Ingila ta 1893 ake komawa, cikin dokokin da muka gada daga Turawa. Ita ta ce idan amintacce ya rasu, ko ya bar ƙasa fiye da wata 12, ko ya nemi a sauwaƙe masa, ko ya ƙi aiki, ko ya gaza, sauran amintattu su naɗa wani a rubuce. Idan na ƙarshensu ne ya rasu, masu kula da tarikarsa su naɗa. Idan duk ya faskara, kotu ta naɗa. Wanda ya sauka kuma ya sani, saukarsa ba ta wanke ɓarnar da aka yi a zamaninsa, kuma idan ya miƙa wa wanda ya san cinyewa zai yi, da shi za a nema.  

To, duk wannan doka ce, kuma doka ba ita ce mai wuya ba. Mai wuyar ita ce kunya. Wa zai dubi idon Baba Alhaji, wanda da kuɗinsa aka sayi bulon farko, ya ce masa lokaci ya yi? Mun gwammace mu yi ta gunaguni a bayan ido shekara 10 da mu faɗi kalma ɗaya a gabansa. Shi kuma, da zarar an taɓo maganar, abin da zai fara ji shi ne ana zarginsa da sata. Daga nan 'ya'yansa su shigo, unguwa ta rabu biyu, wasu su daina salla a masallacin.

Ina ganin laifin na yadda muka ɗauki kujerar ne. Mun mayar da ita sarauta, wadda ba a barinta sai da mutuwa ko tsigewa, alhali dako ne, kuma ɗan dako idan ya gaji yakan sauke a ɗora wa wani ba tare da an ce ya yi abin kunya ba. Maganin da na fi gamsuwa da shi shi ne wa'adi. A rubuta a kundi cewa amintacce zai yi shekara kaza, ana iya sabunta masa. A rubuta cewa wanda ya bar gari na tsawon lokaci kaza, ko rashin lafiya ta hana shi zama, kujerarsa ta zama fanko. Idan an rubuta wannan tun ana dariya, ranar da lokaci ya yi takarda ce ta yi magana, ba wani yaro ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Dattijon da ya yi hidima kuma kada a sallame shi kamar ɗan haya. A tura masa sa'o'insa su same shi a gida, a yi masa taron godiya, a naɗa shi uban ƙungiya, a ci gaba da kai masa gaisuwa da neman shawara. Sau da yawa za ku tarar shi ma ya daɗe yana neman wanda zai karɓe shi, nauyin baki ne ya hana shi faɗa.

Ku kuma iyayenmu da ke kan waɗannan kujeru, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya. Kun fi kowa sanin inda takardun suke. Wasunku a ƙarƙashin katifa suke, wasu a cikin jakar da ko uwargida ba ta san da ita ba. Idan kuka kira taron nan da bakinku, kuka zauna aka naɗa na bayanku kuna kallo kuna sa albarka, babu mai iya tayar da rigima a bayanku.

Lokaci ya cim mana. Roƙona ga duk sakataren ƙungiya, da duk ɗan kwamitin masallaci ko makaranta da ke jina: kafin Juma'a mai zuwa, a nemo satifiket ɗin nan, a karanta sunayen da ke jiki da ƙarfi a gaban jama'a, a ƙirga masu rai. A nemo takardar fili a ga sunan wa ke kanta. Idan an samu giɓi, a sa ranar taro.

  

(Kiɗan rufe shiri)